Na je Lugu, garin Sarauniya Mangu

Daga Sakkwato na bi ta Illela na ƙetara Birnin Konni, na shiga motar Dogon Dutse. Har can kwalta ce. Sauran tafiyar kuwa a bayan babur na yi ta, cikin yashi da ƙaya, ɗan kabu-kabun yana jan ƙafa duk inda tayar ta nutse.

Lugu ƙaramin ƙauye ne a Jamhuriyar Nijar, bukkoki da rumbuna a gindin tudu. Wanda bai san labari ba zai wuce bai waiga ba. Amma a nan ne, a watan Afrilun 1899, mace, Sarauniya Mangu, ta tsaya wa rundunar Faransa da Kyaftin Bule da Shanwan suke ja zuwa Tafkin Chadi, rundunar da duk inda ta bi sai ta bar toka da gawa.

Wani dattijo ya kai ni bakin kurmin da ke bayan gari. Na ce, "Baba, a nan aka yi?" Ya nuna da sandarsa ya ce, "Yaro, nan maharbanta suka shige." Na matsa na duba. Sarƙaƙiya ce mai ƙaya, ko akuya sai ta rusuna kafin ta kutsa. Sai na gane dabarar: mai bindiga ba ya ganin wanda zai harba, kibiya kuwa tana fitowa ta inda ba a zata ba. Nasara sun ci garin, amma sun yi asarar sojoji huɗu, shida sun ji rauni, kuma Sarauniya ba ta shiga hannunsu ba. A watan Mayu suka ƙone Konnin da na biyo, gari mai ganuwa da jama'a dubbai. A Yuli Bule ya sa aka harbe Laftanar Kanar Kulob, hafsan Faransa da aka turo ya tsayar da shi, bayan kwanaki kaɗan sojojinsu suka kashe Bule da Shanwan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mu Hausawa muka yi sakaci da ita, wataƙila don ta Azna ce, masu addinin gargajiya. Yaranmu sun san Amina ta Zazzau, Mangu kuwa kaɗan ne suka taɓa jin sunanta.

Sarautar tana nan har yau. Akwai Sarauniya a Lugu, tana zaune a bukkarta, ba ta cika fita ba. Na gaishe ta daga bakin ƙofa, a durƙushe, yadda aka nuna mini.