Horon da aka yi mana, mu masu duba jirage a Sakkwato

Aikina duba jirgi ne da gyara shi a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato. Manyan gyare-gyare ba a nan ake yin su ba. Namu shi ne aikin da ke tsakanin sauka da tashi: a sa waigi, a zagaya jirgi, a duba tayoyi da birki, a ga ko wani abu na ɗiga, a haska bakin inji ko tsuntsu ya faɗa, a karanta abin da matuƙi ya rubuta a littafin jirgi, in akwai gyara a yi, sannan a sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi. Gab da fara jigilar alhazai, kamfanin da nake wa aiki ya turo mana wani tsohon injiniya ya yi mana horo a kan halin ɗan'adam a bakin aiki, wato yadda gajiya da gaggawa da mantuwa da jin nauyin na gaba ke sa ƙwararren ma'aikaci ya yi kuskure. Ƙa'idojin hukumar ICAO ta duniya da na NCAA ta ƙasarmu, masu kula da sufurin jiragen sama, duk sun tanadi a riƙa yi wa masu gyara irin wannan horo, don haka da yawa cikinmu takardar shaida suka zo karɓa kawai.

Malamin bai fara da littafi ba. Ya rubuta kwanan wata a allo, 11 ga Yuli 1991, ya tambaya ko akwai wanda ya san abin da ya faru a ranar. Dattawan cikinmu ne suka amsa, murya ƙasa-ƙasa. Ranar ce jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda aka ɗauko haya yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zai kawo su nan Sakkwato, ya kama wuta, ya faɗi kafin ya samu komawa kan titin jirgi. Mutum 261 ne a ciki, fasinjoji 247 da ma'aikata 14, babu wanda ya fita. Allah ya jiƙansu da rahama. Ni tun ina yaro nake jin labarin, amma a matsayin ƙaddarar da ta faɗa wa garinmu. Ƙaddara ce kuwa, sai dai tana da sababi, kuma sababin nata a hannun masu irin aikina yake.

Tayoyi biyu na jirgin ba su da isasshiyar iska. An gane haka kwanaki kafin haɗarin, har an shirya canza su, sai aka fasa saboda jigila ta makara kuma ana matsa wa ma'aikata su cike gurbin lokaci. Da safiyar ranar, ana dab da tashi, makanike ya nemi naitirojin, iskar da ake hura wa tayoyin jirgi, don ya ƙara, ba a samu a kusa ba, mai kula da jigilar ya ce a bar zancen, jirgi ya tafi. Masu bincike kuma sun gano an taɓa alƙaluman awon iskar da ke cikin takardun gyara don su nuna komai daidai ne. Da jirgin ya fara gudu, taya ta fashe, abokiyarta ta bi, ƙarfen ya riƙa gugar kwalta har wuta ta tashi. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa ciki kamar yadda aka saba, suka shigar da ita kusa da bututun mai da wayoyi.

A nan malamin ya daɗe, ya fitar da mu waje muka tsaya gaban tayoyin wani jirgi da ke ajiye. Tayoyin nan biyu-biyu suke a kan gatari ɗaya. Idan ɗaya ta rage iska, ɗayar ce ke ɗaukar nauyin, ita kuma mai ƙarancin iskar tana nan tsaye kamar lafiyarta ƙalau. Ido ba ya gane ta, dukan ta da ƙafa ma ba ya nuna komai. Geji, wato ma'aunin iskar taya, shi kaɗai ke faɗin gaskiya. Kuma sai taya ta huce ake aunawa, kamar awa uku bayan sauka, don zafi na ɗaga awon ya ruɗi mutum. Akwai iyakar da littafin kamfanin da ya ƙera jirgin ya gindaya, wadda in iska ta yi ƙasa da ita, ba ƙari za a yi ba, cire tayar za a yi har da abokiyar zamanta da ta sha nauyi. Duk mun san wannan tun muna makaranta a Zariya. Abin da ba mu taɓa zama mun tattauna ba shi ne abin da ke sa wanda ya san duk wannan ya ƙyale jirgi ya tafi.

Wani Bakanade mai suna Gordon Dupont, yana aiki da ma'aikatar sufurin ƙasarsu a 1993, ya tattara abubuwa 12 da suka fi jefa masu gyara cikin kuskure. Akwai matsin lamba, gajiya, ƙarancin kayan aiki, sakankancewa, rashin isar da bayani, ɗaukewar hankali, kasa tsayawa a kan gaskiya, da kuma "haka muka saba yi a nan". Malamin ya sa muka riƙa nemo su ɗaya bayan ɗaya a labarin Jidda, muka samu fiye da rabi. Ya kuma kawo bayanin Farfesa James Reason na Ingila, cewa haɗari ba ya zuwa ta ƙofa ɗaya. Kamar a jera zana da yawa ne ɗaya bayan ɗaya: kowace tana da 'yan kafofi, amma haske ba ya ratsawa sai ranar da kafofin suka yi daidai da juna. Makanike zana ɗaya ne, mai duba aikinsa wata, manaja wata, matuƙi wata.

Ɗaukewar hankali ce ta fara ba mu aikin yi, saboda gaisuwa. Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma alheri ne. Amma kana tsakiyar ɗaure kusoshin murfi, ka ɗaure biyar saura uku, sai wani ya iso: ina wuni, ina gajiya, yaya gida, yaya mai jiki. Ka miƙe ka amsa, ka juyo, zuciyarka ta riga ta rubuta cewa an gama. Haka kiran waya, haka kiran sallah. Dabarar da aka koya mana mai sauƙi ce: duk lokacin da aka katse ka, koma baya mataki uku a takardar aikin ka sake bi, kuma in za ka bar wurin, rataya jan kyalle a kan abin da ba ka gama ba. Mun yi yarjejeniya a tsakaninmu cewa wanda aka tarar da sufana a hannu, ɗaga masa hannu ya wadatar, gaisuwa sai ya sauko. Da farko wasu sun ga kamar rashin ladabi ne. Yanzu an saba.

Maganar gajiya kuwa ba sai an yi wa ɗan Sakkwato dogon bayani ba. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kwaltar filin kuma ta fi haka, ƙarfen jirgi ba ya taɓuwa da hannu tsirara. In azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, ga tashin sahur ga tarawihi, barci ya ragu. Jikin ɗan'adam kuma ya fi yin sanyi tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba, lokacin da jiragen alhazai kan so tashi. Mai gajiya shi ne na ƙarshen sanin ya gaji. Abin da muka tsayar shi ne aikin da ke son natsuwa a yi shi da sanyin safiya in da hali, kuma duk abin da aka kwance aka ɗaure da tsakar dare sai ido na biyu ya gani.

Inda horon ya fi taɓa ni shi ne batun kunya. An ba mu labarin jirgin British Airways da ya tashi daga Birmingham ranar 10 ga Yuni 1990. Gilashin gaban matuƙi ya fice suna sama, iska ta fizge kyaftin ɗin har rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka a Southampton, Allah ya sa ya rayu. Wanda ya sa gilashin babban ma'aikaci ne mai shekaru a aiki. Da dare ya yi aikin, ya zaɓi kusoshi da ido ta hanyar gwada su da tsofaffin, bai buɗe littafin kayan gyara ba. Cikin kusoshi 90, guda 84 kaurinsu bai kai ba, da abin da bai cika milimita ɗaya ba. Mai kula da sito ya ambata masa lambar da ta dace, amma da ya ga babba ya yanke shawara, sai ya yi shiru.

Wannan shirun mun san shi sarai. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya musa wa babba, kada ya ɗaga ido ya ce "ba haka ba ne". Ina alfahari da wannan tarbiyya, ba na kuma son 'ya'yana su rasa ta. Amma girmama babba bai haɗa da barin sa ya ɗauki alhakin rayuka ba. Akwai hanyar faɗin gaskiya cikin ladabi, kuma mun zauna mun gwada ta da baki, ƙarami ya tsaya gaban babba ya ce: "Ranka shi daɗe, ni dai hankalina bai kwanta da wanga ba, a taimaka a sake dubawa." Wasu yaran sai da suka maimaita kafin muryarsu ta fito.

Ba a daɗe ba muka ga amfaninsa. Wata yamma an gama ƙaramin aiki a inji, an rufe murfi, fasinjojin Abuja sun fara hawa. Akwatin kayan aikinmu kowane ƙarfe da gurbinsa a cikin soso, don a gane da kallo ɗaya in wani ya ɓace. Wani matashi da bai daɗe da fara aiki ba yana mayar da kaya, sai na ga ya tsaya yana kallon akwatin. Ya nufi babban injiniyanmu, wanda ya riga ya ciro biro.

"Oga, kan sufana guda bai dawo ba."

"Mi kac ce?"

"Ƙaramin, mai lamba goma. Gurbinai wayam."

Oga ya mayar da biro aljihu. Manajan tasha ya zo da gudu, rediyo a hannu: "Injiniya, don girman Allah, akwai manya a cikin jirgin nan." Oga ya ce masa ko wa ke ciki, sai an ga ƙarfen nan. Aka sake buɗe murfi, aka haska kowane lungu da tocila, babu. Can aka tsince shi a bayan motar kayan aiki, ya gangara ƙarƙashin tabarmar roba. Jirgi ya makara, wasu suka fara gunaguni cewa yaro ya ɓata wa mutane lokaci a banza. Oga ya kira shi gaban kowa ya ce: "Allah shi yi ma albarka. Gobe ma in ka gani ka faɗi." A ganina wannan addu'ar ta fi gano ƙarfen muhimmanci, domin da an yi masa tsawa a ranar, ranar da ƙarfen zai kasance cikin inji da gaske ba zai buɗe baki ba. Wurin da ake hukunta mai kawo rahoton kuskure, kuskuren ba ya raguwa, ɓoye shi kawai ake yi. Ganganci da ƙarya daban, waɗannan dole a hukunta.

Miƙa aiki ma mun gyara shi. A Satumban 1991 wani jirgin Continental Express ya tarwatse a Texas ta Amurka, mutum 14 suka mutu, saboda masu aikin yamma sun kwance sukurori 47 a wutsiyar jirgin, masu aikin dare ba su samu labari ba. Yanzu ba ma yarda da "komai lafiya" a bakin ƙofa. A rubuta, a kuma je gaban jirgin tare a nuna da yatsa.

Sa hannu kuwa, ni yanzu a matsayin shaida nake ɗaukar sa, irin wadda ake bayarwa gaban alƙali. Matuƙi bai ga cikin injin ba, hajiyar da ta fito daga Gwadabawa ko Tambuwal ba ta san ana auna taya ba, duk sun dogara ne da cewa wani ya gani da idonsa ya rubuta. Wanda ya sa hannu a kan abin da bai duba ba ya yi shaidar zur, kuma mun san matsayinta a addini. Ba na sa hannu a aikin da wani ya ce mini ya yi, ko da amini ne, sai na gani.

Abin da ya rage mini a rai shi ne waɗanda ba su zauna a ajin ba. Horo ba ya cika tulun naitirojin, ba ya kai geji a daidaita shi a kan lokaci, ba ya ƙara ma'aikata a daren da jirage suka haɗu. Masu yanke waɗannan shawarwari a ofis suke, kuma a Jidda ba makanike ne ya ce a bar zancen iska ba. Da aka raba mana takardar jin ra'ayi a ƙarshe, na rubuta cewa in za a sabunta horon, a haɗa da manajojin tasha da masu tsara jadawalin tashi da masu sayo kayan gyara, su zauna kujera ɗaya da mu a karanta rahoton Jidda daga farko har ƙarshe. Abokan aikina da dama sun rubuta irin haka, kuma Oga ya ce zai kai maganar da kansa.