Kafin ka buga kwafi dubu na littafin zanenka na farko

Wani matashi mai hannun zane, hannu mai kyau kuwa, ya nuna mini littafin labarin zanensa na farko a fuskar waya. Shafi 62 ne, duka masu launi, kuma ya ce kwafi 1,000 zai buga, saboda mai maɗaba'a ya gaya masa in ya buga da yawa kuɗin kowane kwafi zai sauka. Na tambaye shi mutum nawa suka ce za su saya. Sai ya nuna mini yawan waɗanda suka danna alamar so a Instagram. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan ke nan, ƙannena, domin lissafin da yake yi shi na yi, har adadin kwafin bai bambanta ba.

Mai maɗaba'a bai yi masa ƙarya ba, ni ma ba a yi mini ba. Injin ofset, wato babban injin bugu na maɗaba'a, yana aiki da faranti, kowane launi da farantinsa, launi huɗu faranti huɗu ga kowace fuskar babbar takarda. Kuɗin faranti da na saita inji sau ɗaya ake biya, ko kwafi 100 za a buga ko 5,000, shi ya sa kuɗin kwafi ɗaya ke raguwa in adadi ya ƙaru. Wannan lissafin daidai ne, kuma har yau ina ganin duk mai hankali zai iya faɗawa cikinsa. Inda na kauce shi ne na raba kuɗin da adadin da na buga, alhali da adadin da zan iya sayarwa ya kamata in raba. In ka buga 1,000 ka sayar da 100, kowane kwafin da ya fita ya ci maka ninki goma na abin da aka rubuta maka a takardar farashi. Saura 900 kuma ba sa ɓacewa. Littafi mai shafi 32 girman A5 takardar A4 takwas ce a ninke. In mai giram 100 ce, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar, kowace A4 tana da nauyin giram shida da ɗan wani abu, ga bango mai giram 250 da ya kai giram 15 zuwa 16, kwafi ɗaya ya doshi giram 65. Dubu ɗaya kilo 65 ke nan a cikin kwalaye. Danshi yana sa takarda ta lanƙwashe, ƙarfen ɗinkin tsakiya ya yi tsatsa ya bar tabo ja a shafukan tsakiya, bango mai sheƙi kuma ya manne da ɗan'uwansa in zafi ya yi yawa. Bayan shekara biyu ko kyauta ka bayar sai ka zaɓa.

Zan iya cewa a lokacin buga ƙanƙanin adadi da injin dijital bai yi sauƙi kamar yanzu ba, kuma gaskiya ne. Amma injin fotokwafi yana nan tun a lokacin. Raina shi na yi. Na ɗauka littafin da aka yi da fotokwafi ba littafi ba ne, kuma wannan girman kai ne, ba rashin kayan aiki ba.

Sai adadin shafi. Littafin da ake ninkewa a ɗinke da ƙarfe a tsakiya, kowace takarda shafi huɗu take bayarwa, don haka dole jimillar ta rabu da huɗu: 8, 12, 16, 24, 32. Shafi 62 ba ya yiwuwa, ko dai 60 ko 64. Ni sai da na gama zane na san haka, aka cika mini da fararen shafuka a ƙarshe, kuma aka tura ɗaya gaba, duk tsarin ya goce da shafi guda. Wanda bai san aikin ba zai ce mene ne a ciki. Shafi mai lamba mara, wato 1, 3, 5, kullum a dama yake, mai lamba cika a hagu. Mai karatu yana ganin shafuka biyu a buɗe lokaci guda, saboda haka abin mamaki a labari a shafin hagu ake ajiye shi, bayan an juya takarda. Da tsarin ya goce, duk abin da na ɓoye ya dawo dama, ido ya riga karatu ganinsa. Zanen da ya ratsa shafi biyu kuma ya rabu, rabi a gaban takarda rabi a bayanta. Maganin wannan ba ya cin komai: ka ninke fararen takardu, ka sa musu lamba da fensir, ka zana ƙananan akwatunan kowane shafi kafin ka taɓa tawada. In ka warware su za ka ga yadda ake jera shafuka don bugawa. A littafi mai shafi 24, shafi na 24 yana zama kusa da na 1, na 2 kusa da na 23. Duk biyun da ke jere, in ka haɗa lambobinsu su ba da 25, wato jimilla da ƙarin ɗaya. In ba su ba da haka ba, akwai kuskure.

Akwai kuma turowar tsakiya. Takarda mai giram 80 kaurinta kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne. In ka ninke guda 12, ta tsakiya tana turowa waje da fiye da milimita ɗaya, wuƙar yanka kuma ta daidaita su duka, sai shafukan tsakiya su fi na waje ƙanƙanta. Duk maganar da ka sa dab da baki za ta rasa harafi. Ka bar aƙalla milimita 5 tsakanin rubutu da bakin shafi, 8 zuwa 10 ya fi kwanciyar hankali. Zanen da kake so ya kai har bakin takarda kuwa, sai ka zarce da shi milimita 3 bayan layin yanka ta kowane gefe, domin wuƙa ba ta faɗawa wuri ɗaya sau biyu. A5 milimita 148 ne da 210, to fayil ɗinka ya zama 154 da 216. Ban bar wannan rarar ba, kwafin suka fito da siririn farin layi a gefe, wani a sama wani a ƙasa.

Launi shi ne inda na fi jin zafi, kuma shi ne inda na fi samun abin kare kaina, domin ba wanda ya gaya mini. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, tsarin RGB. Takarda da tawada huɗu take haɗawa, tsarin CMYK. Shuɗi mai walƙiya da kore mai haske da kake gani a allo tawada ba ta iya kai su, suna fitowa a dushe, kuma kusan komai yana ƙara duhu a takarda marar sheƙi saboda tana shan tawada ɗigon ya bazu. Baƙin layi da na rubutu kuma, in ka bar shi a haɗe daga launuka huɗu, da faranti ɗaya ya goce kaɗan sai ka ga inuwa ja ko shuɗiya a gefen kowane harafi. Layi da rubutu baƙar tawada zalla ake sa musu, kashi 100, sauran ukun sifili. To, ba wanda ya gaya mini, amma ni ma ban nemi kwafin gwaji ba. Da na biya kuɗin kwafi ɗaya na riƙe shi a hannu, da na ga duk wannan cikin minti biyar. Sauri nake yi, ina son in ga kwalaye.

Wajen sikanin, wato ɗaukar zanen daga takarda zuwa kwamfuta, zane mai launi ko mai toka-toka ɗigo 300 a kowane inci ya ishe shi, a girman da za a buga. Baƙin layi zalla yana son 600, in da hali 1,200, in ba haka ba bakin layin ya fito da haƙora. Hoton da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp an riga an matse shi, ba ya buguwa, ko da ya yi kyau a ido. Wannan kam ban san sau nawa zan faɗa wa yaran yanzu ba. Mutum ya yi wata shida yana zane, sannan ya ƙi ba da awa ɗaya ya yi sikanin da kyau. In ka zana a A4 za a buga a A5, komai zai ragu zuwa kashi 71 cikin ɗari, siraran layuka su ɓace, rubutun cikin da'irar magana ya koma sai an matso da ido. Ka rage shafi ɗaya a fotokwafi, ka miƙa wa wanda ya girme ka ya karanta. Mai rubutu da Hausa kuma ya duba ƙ da ɗ da ɓ tun farko, domin yawancin salon haruffan da aka ƙera don labarin zane ba su da su, kwamfutar maɗaba'a sai ta sa akwati ko ta aro harafi daga wani salo. Ka mayar da rubutun ya zama zane kafin ka fitar da PDF, ko ka rubuta da hannunka, wanda ni na fi so.

Farashi ma na sa shi da tausayi, na ɗora kaɗan a kan kuɗin bugu don kada a ce ya yi tsada. Mai kantin littattafai da zai ajiye maka yana ɗaukar kashi 40 zuwa 50 na farashin bango, kuma sai an sayar zai biya. Ka cire kwafin da suka lalace, da na kyauta, da kuɗin aikawa. In farashinka bai kai ninki uku na kuɗin bugu ba, kwafin da kanti ya sayar zai iya zama asara gare ka. Kuma ban rubuta komai ba. Kwafi nawa aka ajiye, ranar nawa, kashi nawa, yaushe za a dawo lissafi, duk a ka na riƙe. Ba na zargin kowa, wanda bai rubuta ba shi ya ba da ƙofa.

Duk waɗannan da na lissafa akwai wanda ya san su a kusa da ni, kuma wannan ne kuskuren da ya haifi sauran. Na ɗauki sauran masu zane a matsayin kishiyoyi. Ina ɓoye shafukana kada a sace mini labari, ba na sayen nasu, ba na zuwa inda suke taruwa. A wani ɓangaren ina da hujja, domin taron masu zane yana iya zama zaman hira da yabon juna, a tashi ba a zana komai ba, kuma na ga masu baiwa da irin wannan zama ya cinye. Amma kasuwar wannan aiki masu yin sa ne suke kafa ta, ba wani ke kawo musu ba. Comiket, taron baje kolin littattafan zane na birnin Tokiyo a Japan, ya fara a 1975 da ƙungiyoyin masu zane 32 da mahalarta wajen 700, yau mutane dubu ɗaruruwa ke zuwa. Masu zane ne suka jera tebura suka sayi na juna. Masu sayenka na farko su ne waɗanda suka san wahalar shafi ɗaya.

Na yi niyyar in jero muku shawara goma sha wani abu, amma da na duba ba su kai haka ba.

Ka fara da takarda ɗaya. A4 guda, a ninke sau uku, a tsaga tsakiya sau ɗaya, tana ba da ɗan littafi mai shafi 8, fuska ɗaya kawai ake bugawa. Ka yi labari cikakke a ciki, mai farko da ƙarshe. Sannan 16, sannan 24, baƙi da fari, ciki giram 80 zuwa 100, in baƙi ya yi yawa a zanenka ka hau 120 don kada ya leƙo ta baya. Kwafi 30, in sun ƙare ka ƙara 50. Sitefula mai dogon hannu da wuƙar yanka da rula ta ƙarfe sun ishe ka. Kada ka je ofset sai mutane sun biya kuɗin da zai rufe bugun tun kafin a buga. Alamar so ba kuɗi ba ce, kuma labari mai littafi goma sha biyu da kuke ta tsarawa alhali ba ku taɓa ƙarasa shafi takwas ba, ku ajiye shi.

Amma kuma kada ka jira sai ka ƙware. Na san yanzu na gama ce maka ka yi a hankali. Wanda ya buga littafi mai kuskure ya fi wanda shafukansa ke cikin waya shekara biyar yana gyara hanci. Ka buga, ya fito da aibinsa, kwafi 30 ne kawai za su ɗauki aibin.

Kada ka yi wa kowa zane kyauta don an ce za a san ka. Ga 'yan'uwanka masu zane kuwa, ka yi. Ku haɗu mutum shida, kowa shafi 4, littafi mai shafi 24 ya samu, ku raba kuɗin bugu shida, kowa ya kawo masu karatunsa. Ku rubuta a takarda cewa kowa shi ke da haƙƙin shafukansa, ku naɗa mutum ɗaya mai riƙe kuɗi da littafin lissafi da kowa zai iya dubawa, ku sa ranar rufe karɓar aiki. Irin wannan haɗaka a wuri biyu take mutuwa: wanda bai kawo shafukansa ba, da kuɗin da ba a rubuta ba. Wanda ya makara a buga ba shi, ya shiga fitowa ta gaba, ko da amininka ne. Teburin baje koli ku kama ɗaya ku biyu ko uku, ɗaya ya tsare ɗaya ya zagaya. In ka je teburin wani ka saya da kuɗinka, ka daina cewa a ba ka ka gani. In ƙarami ya nuna maka shafinsa ka gaya masa inda da'irar magana ta toshe fuska, kada ka ce masa ya yi kyau ka wuce.

Matashin nan na ce masa ya cire shafi biyu ko ya ƙara biyu, ya fitar da babin farko kawai a baƙi da fari, ya ninka gwaji da hannunsa ya kawo mu duba tare da sauran masu zane. Ya ce launin shi ne rabin aikin, kuma na duba shafukan, a kan wannan yana da gaskiya. To ya buga bangon da launi, ya biya kwafin gwaji ɗaya na ciki, ya duba shi da hasken rana kafin ya sa hannu a kan komai.