Na Sayar da Firam Ɗin Keken Tsere da Agogo

Jiya na miƙa firam, wato gangar jikin kekena na tsere da agogo, ga wani matashi cikin abokan hawanmu. Wallahi rabuwar ta yi mini nauyi.

Irin wannan keke ba na shiga ayari ba ne, kai kaɗai ne da iska da agogo. An ƙera shi ya tura mahayi gaba, ya kifa a kan sanduna biyu, gwiwar hannu a matse. Da irin sandunan nan ɗan tseren Amurka Greg LeMond ya ƙwace Tour de France ta 1989, babbar gasar tseren keke ta Faransa, daga hannun Bafaranshe Laurent Fignon da daƙiƙa 8 kacal, a tseren ranar ƙarshe daga Versailles zuwa Paris.

Masu taya sun yi yawa, kowa farashi yake tambaya. Ni kuwa tsawon mutum na fara tambaya, don firam ɗin da bai dace da jikinka ba ciwon baya da wuya zai bar maka, ko kyauta aka ba ka.

Firam ɗin na kabon ne, wani abu mara nauyi da ake ƙera keke da shi maimakon ƙarfe, shi kuwa kabon yana ɓoye tsaga a ƙarƙashin fenti. Sai da muka wanke shi tas, muka bi shi da tocila, muka ƙwanƙwasa da tsabar kuɗi kusa da mazaunin feda da sandar sirdi muna sauraron ƙara. Na kuma gaya masa birkinsa tsohon yayi ne, mai kama bakin rim, ƙafa mai birkin faifai ba za ta shiga ba. Saboda haka na rage masa kuɗin.

Allah ya sa ya more shi lafiya, ƙanena.