Fuskar Bakhita da na goge sau biyu

Matan zumunta na cocinmu ne suka haɗa kuɗi suka ce in zana musu Waliyiya Josephine Bakhita a bangon ɗakin taro kafin bikinta na 8 ga Fabrairu. Na karɓi aikin da saurin baki, don shekara goma sha ina zanen waliyyai, hannuna ya saba: siririn hanci, fata mai haske, ido na kallon sama. Haka na yi mata cikin kwana huɗu.

Wata tsohuwa cikin matan ta zo ta tsaya gaban bangon ta daɗe, sannan ta ce, "Ɗana, wannan Baturiya ce ka shafa wa ƙasa." Kunya ta rufe ni. Bakhita fa akwai hotunanta na kyamara, a 1947 ta rasu a Schio ta ƙasar Italiya. Baƙa ce sosai, 'yar Darfur, mai faffaɗar fuska, sanye da kayan sistocin Kanosa, wata ƙungiyar mata masu hidima ta cocin Katolika, da lambar Uwar Yesu a ƙirji. Ni ne na ƙi dubawa.

Na goge, na sake. A nan kuma na zarce. Na karanta yadda aka sace ta tana yarinya, aka yi ta sayar da ita, har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Bakhita ɗin ma masu satar ne suka laƙaba mata, wai mai sa'a. Zuciyata ta ɗauki zafi, sai na tsaga mata kumatu, na ɗaura sarƙa a wuyanta. Fada, limamin cocinmu, ya leƙo ya tambaye ni a hankali inda na samo tsagar. Ban da amsa. Yanka 114 da aka yi mata a gidan wani hafsan Turkiyya, aka bi da gishiri, a ƙirji da ciki da hannu suke, ƙarƙashin riga. Fuskarta ba a taɓa ba. Kuma macen da ke cikin wannan rigar 'yantacciya ce tun 1889, sarƙar ba ta da wurin zama.

Karo na uku na jingina hotonta na tsufa kusa da gwangwanin fenti, na bi shi layi-layi, har nauyin fatar ido. Da'irar haske kawai na ƙara, wadda kowa ya san alama ce. Tsohuwar ta dawo, ta ce ta yi kama da yayarta da ta rasu, ta ja kujera ta zauna.