Zangarniyar da Malam ya ɗora bisa tebur

A shekarata ta biyu a fannin noma na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, mun yi gasar kacici-kacici kan ƙwari tsakaninmu ɗalibai, mutum huɗu a kowane rukuni. Sati biyu na kwashe ina haddar sunayen Latin: Schistocerca gregaria, farar dangon da ta cinye amfanin Nijar a 2004, Spodoptera frugiperda, tsutsar masara da ta shigo Afirka a 2016. Na ɗauka gasar ke nan.

Da aka zo zagaye na uku, Malam bai karanta tambaya ba. Zangarniyar hatsi ya fiddo daga jaka, da wani zane ya murɗe a jikinta daga ƙasa zuwa sama, ya ce, "Wa ya yi wannan aiki?"

Na yi shiru. Sunan yana cikin kaina, amma ban taɓa haɗa shi da wannan ɓarna ba. Wata abokiyar karatunmu 'yar wajen Dakoro ta ce, "Malam, murzuna ce." Ta ci gaba kamar mai ba da labarin gida: malam-buɗe-littafin dare ke saka ƙwai lokacin da hatsi ke fidda kai, tsutsar ta ci furen tana zagayawa, sannan ta sauka ta shige ƙasa ta kwanta duk rani, sai wata damina. Mahaifinta ma da ido yake gane gonar da ta kamu, tun daga bakin hanya.

Malam ya ce, "To, wa ke kashe ta?" Nan haddata ta yi rana. Habrobracon hebetor, 'yar ƙaramar rinar da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a nan Maraɗi ke kiwo, a zuba cikin ƙananan buhunan algarara a kai ƙauyuka; ta harbi tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta. Makin namu ne, amma rabinsa nata ne, kuma rabin da ya fi wuyar samu.

Abin ya tsaya mini a rai, domin manomin da zan yi wa aiki gobe ba zai kira murzuna da sunanta na Latin, Heliocheilus albipunctella, ba. Da damina ta kama, na roƙe ta ta kai ni gonarsu. Babanta ya tsaga zangarniya da farce ya nuna mini tsutsar tana motsi, na rubuta sunan da ya faɗa kusa da na littafi.