Littafin da Auta Ta Aro

Asabar, Birmingham.

Da hantsi na kai auta laburaren unguwarmu kamar kowace Asabar. Ta kwaso littattafai huɗu, ban ko duba ba, hankalina na kan kajin da zan saya a Alum Rock kafin layi ya yi tsawo. Sai bayan la'asar, ina zazzage jakarta, na ga bangon ɗaya: 'yan mata biyu a kan katanga, suna reto da ƙafafu. Na karanta bayansa. Wai yarinya ce 'yar shekara 11 da zuciyarta ke dukan uku-uku duk sanda sabuwar 'yar ajinsu ta zauna kusa da ita. Gabana ya faɗi.

Ina garin nan a 2019 lokacin da iyaye suka yi ta cincirindo a ƙofar makarantun Parkfield da Anderton Park kan darussan da suka taɓo zancen soyayyar jinsi ɗaya, har kotu ta hana taruwa a bakin Anderton Park. Daga 2020 kuma darasin zamantakewa ya zama dole a firamaren Ingila. Amma wannan ba malama ce ta ba ta ba. Da katin da na yankar mata da hannuna ta aro shi.

Na ɗora tuwo, na zauna a kicin na karanta, har miya ta kusa kamawa. Ina ta jiran inda zan rufe shi da a'uzubillahi, ban samu ba. Yarinyar tana raba wa sabuwar 'yar ajin burodinta biyu, ta tsinci ribom ɗinta ta ɓoye a aljihu, in an kira sunan ƙawar sai ta kasa haɗiye abinci. Shi ke nan fa.

Sai na tuna sakandaren kwana a Katsina. Ina da aminiya, kwanonmu ɗaya na garin kwaki, ita ke min kitso ranar Lahadi, da hunturu bargo ɗaya muke ja. Ranar da ta yi sabuwar ƙawa kwana na yi ina kuka. Ƙawance muke ce masa, kuma ƙawancen ne. Sai dai ba zan yaudari kaina ba, littafin bai tsaya nan ba. Can ƙarshe yarinyar ta faɗa wa kakarta ƙarara cewa yadda sauran ke jin samari, haka take jin wannan yarinyar. Na san abin da addinina ya ce, na san a gida dokar 2014 ta yanke ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Amma kalmar da muke da ita ta yi wa 'yar mai ɓoye ribom nauyi, bakina ya ƙi furta ta.

Bayan isha'i na tambayi auta ko ta fara shi. Ashe ta gama tun a bas. Na ce me ta gani a ciki? Ta ce, "Umma, ni kakar ce ta burge ni. Ba ta yi mata ihu ba, ta bari ta gama magana."

Na rasa ta cewa. Ni da ko kofi ta fasa sai maƙwabta sun ji.

Abbansu yana aikin dare, sai da safe zan nuna masa. Auta ta leƙo tana neman littafinta, na ce ban gama ba. Yana saman firij, ƙarƙashin ledar kuka.