Ranar da aka kira maƙeri

Tun da na fara bin wata ƙungiya mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa zuwa ƙauyuka duk Asabar ɗin ƙarshen wata mutane ke tambayata wai me nake yi a can tunda ni ba likita ba ce kuma ba nas ba. Gaskiyarsu ne, malamar makaranta ce ni a nan Jos. Aikina rubuta suna a kati, yi wa sista tafinta in Hausarta ta ƙare, sai kuma zama kan tabarma in saurari mutane. Aikin sa kai ne, ko sisi ba a ba mu, sai dai kuɗin mota wani lokacin.

Ƙarfe shida muke tashi, sanyin Jos na shiga har ƙashi, mu bi ta Bukuru mu wuce Mararrabar Jama'a mu nufi wajen Mangu, daga inda kwalta ta ƙare kuma sai mashin. A ƙaramin asibitin garin ake shimfiɗa mana benci, kafin mu iso layi ya yi tsawo. Kuma abin da na lura, babu mai zuwa ya ce miki yana da ciwon damuwa. Cewa za a yi kaina na zafi, ƙirjina na bugawa, bacci ya ƙaurace min, tunani ya yi min yawa. Matan da suka gudo lokacin hare-haren 2023 a Mangu da Bokkos yawancinsu haka suke faɗa, wata ta sha maganin maleriya da na taifod har ta gaji, sai kin zauna da ita kusan awa guda sannan za ta ce miki tun daren nan ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ta ji kamar ranta zai fita. Akwai masu farfaɗiya kuma da yawa, yaran da aka cire daga makaranta saboda wai miyau ɗinsu na yaɗa cutar, alhali ba a ɗaukarta ko kaɗan, kuma da yawansu ƙwaya ce kullum take tsayar musu da faɗuwar.

Amma wanda nake so in ba ku labarinsa bai zo layi ba. Mai unguwa ne ya ja mu gefe ya ce akwai wani gida. Muka shiga, can bayan rumbu wani ɗaki ne babu taga, saurayi ne da bai wuce 25 ba zaune a ƙasa, mari a ƙafarsa an ɗaure da wani gungume. Shekara uku. Wurin da ƙarfen ya zauna fatar ta yi baƙi ta yi kanta, ga kwanon tuwo a gefe ƙuda na bi. Wallahi jikina rawa ya kama yi, na juya zan fara yi wa uwar faɗa, sista ta damƙe hannuna ta ce min a hankali, gaisuwa tukuna.

Muka zauna muka gaisa, ina gajiya, ya amfanin gona. Inna ta kawo ruwa. Ita da kanta ta fara, ta ce lafiyarsa ƙalau har ya gama sakandare, sai ya fara jin muryoyi yana magana shi kaɗai yana cewa ana binsa. Aka ce iska ce, aka ce sammu ne. Ta sayar da awaki huɗu da dankalin shekara guda, an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an je wajen mai magani. Sau ɗaya ya ɓace kwana tara, a kasuwa aka tsinto shi yara sun fasa masa kai da dutse. Sai ta dube ni ta ce, "'Yata, mahaifinsa ya rasu, ni kaɗai ce. In na kwance shi na tafi gona wa zai riƙe min shi?" Ban iya ce mata komai ba.

Tun ranar na daina saurin zagin iyayen da suka sa 'ya'yansu a mari. Marin zalunci ne ga wanda ke cikinsa, wannan ban canza ra'ayi ba, kuma duk mun ga abin da aka tarar a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019. Sai dai matar nan tsoro ne da gajiya da rashin wani zaɓi suka kai ta. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, abu ne mai kyau, amma Inna ba ta taɓa jin labarinta ba, kuma doka ba ta tsaron yaro in uwarsa ta tafi gona. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya kaf ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma kusan duk a birane suke. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, eh, to amma ki lissafa kuɗin mota na mutum uku zuwa da dawowa, don ba za ta iya kawo shi ita kaɗai ba, ga direban da zai yarda ya ɗauke shi.

Ba a cire marin ranar ba, kuma wannan ya daɗe yana damuna. Sista ta duba shi, ta yi waya da likitan da ke taimaka mana daga Jos, aka fara masa magani, daga baya aka koma allurar wata-wata. Muka je wajen liman muka durƙusa muka gaishe shi, sista ta ce Malam ba mun zo hana addu'a ba ne, a ci gaba da yi, a haɗa da magani. Ya ce ai Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, shi ne ma ya nemo samari biyu da za su riƙa leƙa gidan in Inna ta fita. Da mun tsallake shi na tabbata da ba a sake buɗe mana ƙofar nan ba.

Zuwanmu na uku ya amsa gaisuwata, har ya tambaye ni ko ni 'yar cikin Jos ce. Na huɗu aka aika a kira maƙeri don makullin ya ɓata tuntuni. Ya fi minti ashirin yana dukan ƙarfen, yaron ya runtse ido, Inna ta juya baya tana goge fuska da bakin zani. Da ya miƙe sai da aka riƙe shi, ƙafafun sun manta tafiya.

Abin da ke hana ni bacci yanzu maganin ne. Akwai watan da kuɗin ƙungiya ya yanke muka je hannu rabbana, mutum 11 suka koma gida babu allura, biyu daga ciki ciwonsu ya dawo. Karo-karo muka yi a tsakaninmu wata na gaba.

Asabar ɗin da ta wuce saurayin nan ya zo da ƙafarsa, katinsa a naɗe cikin leda, ya ce yana taya Inna cire dankali. Na biya ta gidan in gaishe ta, sai na hango marin nan rataye a jikin rumbu. Na ce Inna ba za a yar da wannan ba? Ta yi shiru, can ta ce, "Bari dai in ga allurar nan ba ta yanke ba, 'yata."